Ana cire min kuɗin ritaya, amma ance asusu na da giɓi: ina makomata?

Tambaya: Ni direba ne a wani kamfani mai zaman kansa a nan Damagaram, kuma kowane wata ana cire min kuɗin ritaya daga albashina. Na ji ana cewa asusun fansho yana iya samun giɓi har a kasa biyan mutane. Shin hakan zai iya cinye haƙƙina?

Amsa: Malam, giɓi iri biyu ne, kuma wanda ya fi barazana gare ka ba shi ne wanda ake yawan magana a kansa ba.

Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu a Nijar suna ƙarƙashin CNSS, wato asusun ƙasa na kula da jin daɗin ma'aikata, su kuwa ma'aikatan gwamnati suna ƙarƙashin nasu asusun fanshon, wato CARENI. A ɓangaren fansho na CNSS, ma'aikaci yana zuba kashi 5.25 cikin ɗari na albashinsa, mai kamfani kuma ya ƙara kashi 6.25. Ke nan idan albashinka jaka 100 ne, ana cire maka sefa 5,250, ubangidanka ya ɗora 6,250. Wannan kuɗi ba a ajiye maka shi a wani akwati mai sunanka, domin tsarin ya fi kama da adashe: zubin masu aiki yau shi ake biyan tsofaffin yau da shi, kai ma zubin na baya ne zai biya ka idan ka kai shekara 60.

Giɓi na farko yana zuwa ne idan masu karɓa suka yi yawa a kan masu zubi, kuma a ƙasar da mafi yawan jama'a ke noma, kiwo da kasuwanci ba tare da rajista ba, masu zubin ba su da yawa tun asali. Irin wannan giɓin a hankali yake girma, kuma maganinsa a hannun hukuma yake, ko ta ƙara yawan zubi, ko ta ɗaga shekarun ritaya, ko ta sake lissafin fansho. Ɗan ritaya yana jin raɗaɗinsa ta hanyar jinkirin biya, ko fanshon da ya tsaya cik alhali tiyar hatsi a kasuwar Dole tana hawa. Tsarin CNSS ya bambanta da na ƙasashen da kamfani ke riƙe asusun fanshon kansa, kamar Ingila, inda kamfanin shaguna na BHS ya durƙushe a 2016 ya bar giɓin fam miliyan 571. Kamfaninku ko ya rufe, watannin da aka riga aka zuba maka suna nan a rubuce a CNSS.

Giɓi na biyu, wanda a ganina shi ya kamata ya hana ka barci, shi ne na mai kamfanin da ke cire kuɗin daga albashi amma bai kai su asusu ba, ko ya bayyana albashi ƙasa da na gaskiya, ko ma bai taɓa yi wa ma'aikacin rajista ba. Da yake da yawan watannin zubi da kuma matsakaicin albashi ake lissafa fansho, mutum yana iya shafe shekaru yana aiki, sai ranar da ya kai takardunsa ya tarar da watanni masu yawa babu komai a kansu, a lokacin kuwa wataƙila kamfanin ya daɗe da rufewa.

Saboda haka ka tabbata kana da lambar rajistarka, ka je ofishin CNSS na Zinder ka nemi a nuna maka watannin da aka zuba da sunanka, ka gwada su da takardun albashinka, waɗanda bai kamata ka yar da ko ɗaya ba. Idan ka ga rami, ka fara tuntuɓar mai kamfani a rubuce, in bai gyara ba ka kai maganar ga sufeton ƙwadago tun kana bakin aiki, domin doka ta ɗora nauyin kai zubin duka biyu a wuyan mai kamfani.