Tsawon rubutu ba ya cin faɗan kerkeci

Kana tambaya ko wanda ya fi dogon rubutu shi ya kamata a ba nasara a faɗan kerketai, wato wasan da ake yi a rubuce, kowane ɗan wasa yana rubuta abin da kerkecinsa yake yi, zagaye bayan zagaye. A'a. Alƙali irina yana ba da maki ne ga harin da zai yiwu a zahiri, da kariyar da aka bayyana tun kafin cizo ya iso. Layi biyar masu ma'ana sun fi shafi guda na kwatanta ƙyallin ido.

Sharaɗin shi ne kowa ya rubuta yunƙurinsa, ya bar sakamako. In ka ce "ya kai cizo kafaɗar hagu", abokin karawarka na da damar gocewa. In ka ce "ya tsage masa maƙogwaro", ka juya dabbar wani ke nan, a nan nake zaftare maki ba tausayi. Haka ma wanda aka cije a ƙafar baya, zagaye na gaba sai ga shi yana tsalle garau. Yakushi kuwa maki kaɗan yake samu wurina, domin faratan kerkeci dakusassu ne, da haƙoransa 42 da nauyin jiki yake faɗa.