Kafin ka ɗaura wa ƙaramar tarakta loda, fara gyara bayanta

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25, mai ja da tayoyi huɗu, kana son ka sa mata loda a gaba, wato hannuwan ƙarfe biyu masu ɗaga bokiti, don kwasar taki da yashi da ɗaukar buhuna. Kana tambaya ko ka sayi ta kamfani ko ka ba mai walda ya haɗa maka, kuma ko za a iya ƙara mata ƙarfin ɗagawa a sa babban bokiti. Na daɗe ina aiki da irin wannan tarakta da loda a jikinta, kuma shawarata ita ce ka yi, ba za ka yi da-na-sani ba. Aikin da mutum uku za su wuni suna yi da shebur da baro, kai kaɗai za ka gama shi kafin rana ta yi zafi. Sai dai inda ka sa ido, wato ƙarfin ɗagawa, ba nan matsalar take ba. Matsalar tana bayan taraktar.

Don ja aka ƙera tarakta, shi ya sa mafi yawan nauyinta yake kan manyan tayoyin baya. Da ka ɗaura loda, ka cika bokiti, sai nauyi ya koma can gaba da tayoyin gaba. Taraktar ta zama sikeli ke nan, aksil ɗin gaba shi ne tsakiyarsa: duk abin da ka ɗora a bokiti yana ɗaga baya ne. Za ka ji shi a jikinka tun ranar farko. Ka cusa bokiti cikin tarin jiƙaƙƙen yashi, ka ja liba, maimakon bokitin ya tashi sai ka ji kujera ta yi sama da kai, tayar baya ɗaya tana juyawa a iska. Abin da ya sa wannan ya fi haɗari fiye da yadda ake gani shi ne aksil ɗin gaba a kan fin guda yake lilo a tsakiya, ba ya riƙe tarakta idan za ta kife ta gefe. Tayoyin baya ne ke riƙe ta. Kuma a irin waɗannan ƙananan taraktoci birki a tayoyin baya kaɗai yake. Idan baya ya yi sako-sako kana saukowa gangara da kaya, ka taka birki ka ji wayam. Shi ya sa in dai akwai kaya a bokiti nake barin ta a giyar tayoyi huɗu a kan ƙasa mai gangara, domin a nan birkin yana kaiwa ga tayoyin gaba ta hanyar shaf.

Nauyin baya iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya. Na farko shi ne ɗura ruwa a tayoyin baya. Ana juya tayar har bakin bawul ya zo sama, a cika zuwa nan, wato kimanin kashi 75 cikin ɗari, a bar sauran ga iska. Wannan yana sa taya ta kama ƙasa, yana kuma saukar da nauyin tarakta ƙasa-ƙasa, ta rage saurin kifewa. A ƙasashen sanyi akan haɗa ruwan da abin da zai hana shi daskarewa. Gishirin kalsiyam da aka daɗe ana amfani da shi yana da nauyi, amma idan ya yi yoyo yana cinye wili da tsatsa. To amma ruwan taya ba ya rage wa aksil ɗin gaba komai, domin a kan aksil ɗin baya yake zaune daidai. Abin da ke sauke wa gaba kaya shi ne nauyin da aka rataya a hannuwa uku na bayan tarakta, inda ake ɗaura injin huɗa, saboda yana bayan tayoyin, yana danna baya yana ɗaga gaba. Shi ne ke ceton boris da sil na tayoyin gaba, waɗanda su ne suka fi saurin mutuwa a taraktar da ke aikin loda ba komai a bayanta.

Ba sai ka sayi na kamfani ba. Yanke durom mai lita 200 gida biyu, ka ratsa sandar ƙarfe ta tsakiyarsa mai kaurin milimita 22, wanda shi ne kaurin fin na hannuwan ƙasa a ƙananan taraktoci, ka kafa kunnuwa biyu a sama masu ramin milimita 19 don hannun sama, ka zuba kankare. Lita 100 na kankare yana kai kimanin kilo 240. Littafin lodar zai faɗa maka nauyin da ake so, ka bi shi. Idan kana da injin huɗa mai nauyi, barinsa a baya ma yana aiki, sai dai yana da tsawo, kuma za ka riƙa bugun abubuwa da shi wajen juyawa a wuri mai matsi.

Batun saye ko haɗawa kuwa, in akwai lodar da aka yi domin samfurin taraktarka, ko da ta hannu ce, ita za ka nema. Ba don mai walda ba zai iya yin hannuwa da bokiti ba, wannan mai sauƙi ne. Inda ake samun matsala shi ne wurin ɗaurewa. Yawancin taraktoci ba su da doguwar firam irin ta babbar mota. Jikin injin da gidan giya da aka haɗa da notuna su ne ƙashin bayanta, kuma zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Idan aka ɗaure loda a gefen injin kaɗai, duk turin da ka yi cikin tarin ƙasa a wannan mahaɗar yake sauka, kuma ana samun tarakta ta rabe gida biyu a wajen gidan kuloci. In dole sai an haɗa maka, ka tsaya a kan cewa a yi mata ƙaramar firam da za ta bi ta ƙarƙashi daga gaba har ta kama aksil ɗin baya, a yi amfani da ramukan notin da kamfani ya riga ya tanada, da notuna masu ƙarfi. Sannan ka tabbata sitiyarinka mai haidirolik ne. Idan ba shi ba ne, da cikakken bokiti hannuwanka za su gaya maka.

Wajen haɗa tiyo akwai abu ɗaya da bakanike marar sabo yakan tsallake. Famfon haidirolik na waɗannan taraktoci kullum tura mai yake yi, man yana zagayawa ya koma. Dole bawul ɗin loda ya zama mai ƙofa ta musamman da ke miƙa mai da ƙarfinsa zuwa hannuwan baya, ban da ƙofar da ke mayar da mai tanki. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, ko dai hannuwan baya su yi sanyi, ko bawul ɗin ya fashe. Ka nemi kuma bawul mai matsayin da ake tura liba gaba har ta maƙale, bokiti ya kwanta da nauyin kansa yana bin ƙasa. Da shi ake share fili ya yi sumul.

Ƙara ƙarfi kam, ban ba ka shawara ba. Akwai masu sa washa a bayan sifirin na bawul ɗin da ke sakin matsi domin loda ta ƙara ɗagawa. Matsin irin waɗannan taraktoci yakan tsaya ne wajen 140 zuwa 170 a ma'aunin matsi na bar, kuma an zaɓe shi daidai da abin da aksil da tayoyin gaba za su jure. Lokacin da loda ta ƙi ɗaga abu, kariya ce take yi maka. Abin da ya dace shi ne a sa gej a auna. In ya faɗi ƙasa da abin da littafi ya ce, a mayar da shi daidai, a tsaya nan.

Ka kuma karanta lambobin ɗagawa da kyau. Lodar kamfanin Kubota samfurin LA525, wadda ake sa wa taraktar L2501 mai ƙarfi kusan irin na taka, tana ɗaga kimanin kilo 500 idan an auna a kan fin ɗin bokiti, amma a milimita 500 gaba da fin, inda kaya suke zama a zahiri, ba ta kai kilo 400 ba. Yanzu lissafa: bokitin da ke cin rubu'in mita kubik, idan ka cika shi da jiƙaƙƙen yashi mai nauyin kusan kilo 1,900 a kowace mita kubik, ka ɗauko kilo 475. Ka ga ɗan bokitin da kake rainawa ma ya riga ya kai maƙura. Babban bokiti na busasshen taki ne da ciyawa da ɓawon hatsi.

Kuɗin da za ka kashe a babban bokiti, ka sa shi a farantin sauya kayan aiki, irin wanda kamfanin Bobcat ya fito da shi, yanzu kuma kusan kowa ke bi. Liba biyu za ka ɗaga, bokiti ya sauka, ka ɗauki wani abu. Wani abun da nake nufi shi ne yatsun ɗaukar kaya, wato dogayen ƙarafa biyu da ake zurawa ƙarƙashin kaya a ɗaga. Ni dai sun fi bokiti zama a jikin lodata: buhuna a kan katako, bututu, itace, janareta, tankin ruwa, duk da su. Ka zaɓi marasa nauyi, domin nauyinsu daga cikin abin da za ka iya ɗagawa yake fita. Bayan su sai ƙugiyoyin sarƙa biyu a leɓen bokiti na sama, kowace a saitin hannun loda, a kan faranti mai kauri. Kada a sa guda ɗaya a tsakiyar leɓe mara ƙarfi, zai lotsa, kuma kada ka taɓa ɗaga abu da ƙugiyar gefe ɗaya kawai. Haƙoran da ake ɗaurawa a bakin bokiti da noti biyu suna taimakawa sosai a ƙasa mai tauri. A sa raga a gaban lagireto saboda reshe da dutse. Fitilun gaba kuma bokiti zai tare su, sai ka sa wasu a kan ƙarfen kariya na bayan kujera, amma da maƙali, ba huda ba walda, domin rami ɗaya yana raunana shi. Ƙarfen nan ya zauna a tsaye, bel a ɗaure, bokiti ƙasa-ƙasa in kana tafiya, kuma kada yaro ko babba ya hau ciki ko ya shiga ƙarƙashinsa.

Giris a kowane fin duk bayan awa 10 na aiki. Notunan firam ka riƙa duba su, musamman a makonnin farko. In ka ga jan gari kamar tsatsa yana fitowa a gefen kan noti, ko fenti ya yi siririn layi, wurin yana motsi, ka ɗaure kafin ramin ya buɗe. Yoyon tiyo da kwali ake nemansa, ba da hannu ba, domin man da ke fita ta ƙaramin rami da wannan matsi yana huda fata, kuma sai an kai ga tiyata cikin gaggawa. In za ka cire lodar, kashe injin, ka kaɗa liba ta kowane ɓangare matsi ya sauka, sannan ka zare tiyo. Ka ajiye ta a inuwa a kan ƙasa mai tauri, saboda in rana ta gasa man da ke ciki, bakin tiyon zai ƙi shiga ko ka danna da iya ƙarfinka.

Turo mana lambar samfurin taraktar da girman tayoyin gabanta, mu duba irin lodar da za ta hau da nauyin da za ka rataya a baya. Allah ya ba da sa'a.