Idan Falgore ta zama gandun dajin ƙasa, ina matsayin gonarmu?

Tambaya: Ina sayar da zuma a kasuwar Kurmi, 'yan'uwana kuma suna noma da kafa amya a gefen dajin Falgore ta ɓangaren Tudun Wada. Mun ji gwamnatin tarayya za ta karɓi dajin. Shin muna da ta cewa, ko sai dai mu wayi gari mu ga shinge?

Amsa: Malam, kuna da ta cewa, amma tana da lokacinta. A 2020 Shugaba Buhari ya amince a ƙara sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore da Baturiya ta Jigawa. Falgore dama keɓaɓɓen daji ne tun zamanin Turawa, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Abin da ke sauyawa shi ne tsanani: a gandun dajin ƙasa, dokar gandayen daji ta 1999 ta hana kiwo da farauta da sare itace da cinna wuta sai da izini. Amma ita dai wannan dokar ta ce a tuntuɓi mazauna kewaye, har ta ba da damar kafa kwamitin ba da shawara daga cikinsu. Ku bi ta hannun dagaci da hakimi ku nemi kujera a ciki.

Inda na fi ganin ana tafka asara shi ne wajen shata iyaka. Na taɓa zama a wani taron jin ra'ayi, dattijo ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa zuciya kan gonar kakanni, aka tafa, ba a rubuta komai ba. Wani makiyayi kuwa ya zaro takarda daga aljihu, an zana burtali da mashaya da sunan kowace ruga, mai unguwa ya sa hannu. Tasa ce ta shiga fayil. Don haka ku ƙirga amyoyinku, ku faɗi bishiyoyin da suke kai, ɗorawa ce ko kaɗanya, da watan da kuke cirar zuma. Ku ɗauki hoto da waya. Ku nemi a rubuta muku izinin kafa amya a gefen daji cikin tsarin gudanarwa, domin alkawarin baki yana tafiya ne tare da jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki.

Sai kuma ƙofa ta biyu. Babban aiki kamar titi ko dam a irin wannan wuri, dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari tukuna. Ana baje rahoton na kwanakin aiki 21 a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma. Rahoton da Turanci yake, kuma yana da kauri, to ai ga amfaninka kai da ke cikin birni: samu ɗalibi a Jami'ar Bayero ya karanta muku, ku kai ƙorafi a rubuce, a buga muku hatimi a kwafinku. In an fara aiki ba nazari, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, ake kai wa ƙara.

Batun diyya, kada a ruɗe ku. Dokar filaye ta 1978 amfanin gona da gini take biya, ba ƙasar kanta ba, gonar da aka sara a cikin keɓaɓɓen daji kuwa da wuya a ba ta ko sisi. Fara bincika ta wane gefen iyakar gonarku take.