Rediyo mai basira da ɓarawon zango

Tambaya: Malam, an ce akwai rediyon da ke nemo wa kansa zangon da ba kowa. Ba a yaudararsa? Ɗalibarka daga Zariya.

Amsa: Ana yi kuwa, 'yata. Tun 1999 wani masanin sadarwa, Joseph Mitola, ya yaɗa dabarar rediyo mai basira: na'ura ta kasa kunne, in gidan talabijin bai amfani da zangonsa ta ara, ya dawo ta kauce. Sai mugu ya kwaikwayi siginar gidan talabijin mai lasisin zangon, kowa ya watse, ya mamaye wurin. Kura da fatar akuya!

Maganinsa, na'urori da yawa su haɗa abin da suka ji, a gano inda siginar ta fito. Hasumiyar talabijin ba ta yawo, don haka in siginar ta fito daga wani wuri dabam, ta bogi ce. Ni dai na fi yarda da rumbun bayanan zanguna, inda na'ura ke duba zangon da ba kowa a yankinta, wanda ƙa'idar IEEE 802.22 ta 2011 (ƙa'idar sadarwa ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE) ta tanada.