Na'urar karatu mai babban allo a ƙauye

Malam, ka ce kana koyarwa a wajen Ringim, wuta sai ta ga dama, littattafanka na fiƙihu duk PDF ne, waya kuma na gajiyar da idonka.

Nemi na'urar karatu mai allon inci 10, irin Kindle Scribe ko Boox Note Air. Mai inci 6 matse shafi take, wasullan Larabci su koma kamar ƙura. Allon irin waɗannan na'urorin karatu sai an juya shafi yake cin batir, caji ɗaya kan yi makonni, kuma ko a tsakar rana tar kake gani.

Don Allah kada ka cusa ta cikin kaya a bayan babur, gilashin siriri ne, haka tawa ta tsage. In ta hannu ce, je da mai gyara ya duba allo da batir kafin ka biya.