Dauda ne ke magana a Zabura, ko Almasihu?

Tambaya: Malam, idan na karanta Zabura sai in ga Dauda ne yake kukan wahalarsa. Ta yaya marubutan Kirista na farko suka ce maganar Almasihu ake yi?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da suke fara tambaya a kan kowace aya shi ne: wa ke magana a nan? Sun ɗauki Dauda annabi ne, wanda wani lokaci yakan yi magana da bakin wani.

Manzanni ne suka fara. A Ayyukan Manzanni sura 2, Bitrus ya kawo Zabura 16, inda aka ce Mai Tsarki ba zai ruɓe ba. Sai ya ce wa taron, ai Dauda ya mutu, ga kabarinsa nan a cikinmu, ashe ba kansa yake nufi ba. Haka Zabura 22, wadda Yesu ya faɗi farkonta a kan gicciye, kuma a cikinta ake jefa kuri'a a kan tufafi.

Wajen shekara ta 160, Jastin Shahidi ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tarifo. Ya ce Zabura 110, wadda ke maganar firist na har abada, ba ta dace da Sarki Hezekiya ba, kamar yadda Yahudawa ke fassara ta, domin Hezekiya bai taɓa zama firist ba, balle firist na har abada. Hujjar tana da ƙarfi. Amma ya yi tuntuɓe a Zabura 96, da ya zargi Yahudawa da goge kalmomin "daga itace", wato gicciye, alhali babu su a nassin Ibrananci. Ɗoki ne ya kwashe shi.

Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, shi ya faɗaɗa abin. Ya fara sharhi a 392, ya bi Zabura 150 duka. To, ayoyin da mai magana yake furta zunubinsa fa? Ya ce Almasihu shi ne kai, ikkilisiya kuma jikinsa, don haka wani lokaci kan ne ke magana a madadin jiki.

Ba kowa ya yarda ba. Tiyodo na Mofsuwestiya, wanda ya rasu a 428, ya ce huɗu kaɗai ne annabci kai tsaye: 2, 8, 45 da 110. Ko ta 22 ya bar wa Dauda, a lokacin tawayen ɗansa Absalom. Shi ya fi kusa da yadda kake karantawa, sai dai babban taron ikkilisiya na Kustantiniya a shekara ta 553 ya la'anci rubuce-rubucensa.