Ƙwayoyin Enzayim da Ake Cewa Suna Shiga Jini: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Ni malamin makaranta ne daga Gusau, kuma ina fama da ciwon gwiwa. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in sayi Wobenzym, yana cewa enzayim ɗin da ke cikinsa yana shiga jini ya kashe kumburi. To, ba tumbi ne zai narkar da shi kamar sauran abinci ba?

Malam, tambayarka ita ce wadda ya kamata kowa ya yi kafin ya sa hannu a aljihu. Enzayim furotin ne, dangin abin da ke cikin nama da ƙwai da wake, kuma aikin tumbi da hanji shi ne su farfasa furotin har ya zama ƙanana ƙwarai kafin jiki ya tsotse shi. Wobenzym, wanda asalinsa daga Jamus yake, haɗi ne na biromelin da ake samu daga karan abarba, da papayin na gwanda, da tirifsin da ake cirowa daga pankiriyas na dabbobi, wato gaɓar nan da ke bayan tumbi. Domin kada ruwan tsamin tumbi ya lalata su, ana lulluɓe ƙwayar da wani ɓawo wanda ba ya narkewa sai ta isa ƙaramin hanji. Wannan dabara tana aiki, amma rabin matsalar kawai ta warware, domin bangon hanji kamar rariya yake: gari ke wucewa, tsaki ya tsaya, kuma enzayim da bai farfashe ba tsaki ne babba.

Duk da haka, ɗan kaɗan yana kutsawa. A shekarar 1997 an buga wani bincike da aka ba lafiyayyun maza giram 3 na biromelin a rana, aka kuma same shi a jininsu yana da sauran ƙarfinsa, sai dai abin da aka samu ɗin bai kusanci ko miligiram ɗaya ba. Wanda ya shiga ɗin ma ba ya yawo yadda ya ga dama, domin jini yana da nasa furotin masu kama irin waɗannan enzayim su riƙe su, in ba haka ba da sun cinye naman jikinmu. Saboda haka abokinka bai yi ƙarya ba da ya ce yana shiga jini, amma bai faɗa maka yawan abin da ke shiga ba. Game da gwiwa kuwa, akwai gwaje-gwajen da suka nuna cewa irin wannan haɗi yana rage zafin amosanin gaɓɓai kusan yadda maganin rage zafi na dikolofenak ke yi, amma da yawa daga cikinsu masu yin maganin ne suka ɗauki nauyinsu. Idan kana da gyambon ciki wanda ya hana ka shan dikolofenak, kuma likitanka ya amince, kana iya gwadawa na wata ɗaya ko biyu. Idan ba ka ga canji ba, ka tsaya, kada ka ƙara roba ta biyu bisa fata. Da albashin malami, rage ƙiba da motsa gwiwa a hankali sun fi araha, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi.

Tambaya: An rubuta mini Chymoral bayan an cire mini haƙori. Haɗiyar ƙwaya tana ba ni wahala, zan iya daka ta in zuba a koko?

A'a, Hajiya, Chymoral ma ƙwayar enzayim ce mai ɓawo. Idan kika daka ta kin fasa ɓawon da ke kare ta, idan kuma kika haɗa ta da koko to enzayim ɗin zai shagala da narkar da kokon. Ki haɗiye ta ɗungum da ruwa kofi guda, aƙalla rabin sa'a kafin cin abinci. Wannan ya bambanta da enzayim irin su Creon da ake ba waɗanda pankiriyas ɗinsu ya gaza, domin su aikinsu a cikin hanji yake, shi ya sa ake shan su tare da abinci.

Tambaya: Ni saurayi ne ɗan shekara 24, lafiyata ƙalau. Wane enzayim ne ya fi wanke jini?

Lafiyarka ƙalau, to me za a wanke? Hanta da ƙoda suna yin wannan aiki dare da rana ba su karɓi sisinka ba. Ka kai kuɗin wajen mai kayan miya.

Tambaya: Shekarata bakwai da aure ban haihu ba, kuma hoton asibiti ya nuna bututun mahaifata a toshe yake. Wata mata a WhatsApp ta ce serapeptes yana narkar da toshewar da ma ƙarin mahaifa cikin wata uku, har na fara shirin sayar da ɗan kunnena na gwal. Me za ku ce?

'Yar uwa, Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya ba ki zuriya mai albarka. Na san irin maganganun da mace ke ji a gidan miji idan haihuwa ta yi jinkiri, don haka ban ga laifinki ba da kika kama duk igiyar da aka miƙo miki. Amma ki ajiye gwal ɗinki. Babu wani ingantaccen bincike da ya nuna cewa enzayim ɗin serapeptes yana buɗe bututun mahaifa ko yana narkar da ƙari. Tabon da ke toshe bututu nama ne da ya riga ya ƙullu, kuma ɗan abin da ke tsallake hanji ba shi da hanyar gane tabo ya ci shi ya bar lafiyayyen nama. Ki kuma san cewa a ƙasar Japan, inda aka daɗe ana amfani da wannan enzayim, kamfanin Takeda da ke sayar da shi da sunan Dasen ya janye shi daga kasuwa da kansa a shekarar 2011, bayan sababbin gwaje-gwaje sun kasa nuna cewa ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta. Ki koma wajen likitan mata a babban asibiti, domin wani lokaci bututun yakan tsuke ne yayin ɗaukar hoton ya zama kamar a toshe, kuma akwai toshewar da tiyata ke gyarawa. Shi ma maigida a lallaɓa shi ya yi nasa gwajin, tun da matsalar ba kullum daga mace take ba.

A nan dole in tsaya in yi magana a kan waɗannan 'yan kasuwa na waya, domin abin ya isa. Mutum ba shi da shago, ba shi da shaidar karatun haɗa magunguna, sai hoton roba da muryar wata da ke kuka tana cewa ta haihu, sannan lambar asusun banki. Da farko za a ce miki wata uku, idan wata ukun ya cika a ce jikinki yana da datti da yawa sai kin ƙara, kafin ki ankara kuɗin da zai kai ki ga ƙwararren likita ya tafi, shekarun haihuwa kuma suna tafiya tare da shi. Suna alfahari da cewa kayan daga Amurka suke, alhali dokar da Amurka ta kafa a 1994 ba ta tilasta wa mai sayar da ƙarin abinci ya tabbatar wa hukuma cewa kayansa suna warkarwa kafin ya kai su kasuwa. Lambar NAFDAC ma, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, idan ta gaskiya ce, tana nuna an yi wa kayan rajista, ba ta nufin hukumar ta shaida cewa suna narkar da ƙari, kuma a jikin robobi da yawa za ki ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan kuma idan kayan na asali ne ke nan. Enzayim abu ne da zafi da laima ke kashewa, kuma robar da ta kwana a rumfar kwano ko a bayan motar haya cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40, tana iya zama gari kawai ko da kwanan watan lalacewarta bai zo ba. Ido ba ya bambanta mataccen enzayim da mai rai, shi ya sa masu jabu ke son wannan haja. Duk wanda ya zama dole ya saya, ya je kantin magani mai rajista wanda ke da sanyi, ya duba hatimin murfi, ya duba lambar NAFDAC a shafin hukumar, ya kuma tabbatar an rubuta ma'aunin ƙarfin enzayim ɗin, irin su GDU ko FIP ko FU, domin miligiram nauyi kawai yake nunawa. Waɗanda ake ƙirgo muku a leda babu kwali kuwa, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa.

Tambaya: Mahaifina ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, yana shan wafarin. Ƙanena ya aiko masa da natokines daga waje. Ya fara sha?

Kada ya sha ko ƙwaya ɗaya sai likitansa ya gani. Natokines, wanda ake samu daga waken suya da Japanawa ke ruɓarwa, yana taɓa daskarewar jini, haka ma biromelin, kuma haɗa su da wafarin (maganin hana daskarewar jini) ko asfirin na iya jawo zubar jini a hanji ko a ƙwaƙwalwa. Ƙanenka ya yi da kyakkyawar niyya, a gode masa, amma a ajiye robar nesa da Baba. Wannan gargaɗi ya shafi masu ciki, da masu gyambon ciki, da duk wanda za a yi wa tiyata nan da mako biyu.

Tambaya: Na ji an ce ƙwayar halittar da ke ruɓar da waken Japanawa ita ce ke ruɓar da daddawarmu. Ke nan miyar kuka ta wadatar?

Gaskiya ne jinsin ɗaya ne ke aiki a kan kalwa, amma tafasar miya tana kashe enzayim. Ka sha miyarka don daɗinta.

Tambaya: Shin waɗannan ƙwayoyi halal ne?

Biromelin da papayin daga tsirrai suke, natokines da serapeptes kuma daga ƙwayoyin halitta, sai dai a duba ko kwanson ƙwayar na jelatin ne, wanda ake samu daga jikin dabba. Tirifsin da pankiriyatin (haɗin enzayim na pankiriyas) kuwa daga dabba ake ciro su, sau da yawa daga alade, wani lokaci daga saniya. Ka karanta takardar da ke cikin kwalin ko ka tambayi mai haɗa magunguna, sannan ka kai abin da ka samu wajen malaminka, domin hukuncin wanda likita ya wajabta wa magani ya bambanta da na wanda ya sayo shi don sha'awa.